Tarihin 'Yar Dubu da Alamomin da Ke Jikinta



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a fitowar wannan karo wani abu ne da ya faru a bakin shagonmu a kakar bara. Wata baiwar Allah daga ƙauyukan bayan Kwandere, wadda muka daɗe muna ciniki da ita, ta sayar da riɗinta ga wasu baƙi da suka zo da mota gab da magariba. Suka ƙirga mata 'yan dubu-dubu a tsaitsaye, suna ta gaggawa wai dare zai yi musu a hanya. Washegari ta zo wurinmu za ta yi wa yara sayayya. Da muka karɓi kuɗin, tun ido bai duba ba yatsa ya ba da labari. Cikin takarda arba'in, goma sha ɗaya jabu ne. Ta zauna a kan benci ta yi tagumi, can ta ɗago ta ce, "Malam, ai duk iri ɗaya ne, ga hoton mutanen nan biyu a jiki."

Maganar nan ta tsaya mana a rai. Hoton ta duba, shi kuwa mai buga jabu ya san hoton kawai yawancinmu muke dubawa, shi ya sa a nan yake zuba ƙoƙarinsa. Alhali kuwa akwai alamomi a jikin takardar da ba ya iya kwaikwayonsu, kuma kowace ɗaya an sa ta ne saboda wata cuta da aka taɓa yi wa mutane a baya. Don haka muka ga ya dace mu bi abin tun daga tushe.

Kalmar kuɗi kanta, in kun lura, jam'in wuri ce. Fataken da suka fara sauka a wannan ƙasa, suna bin gishirin Keana da na Awe, da wuri suke ciniki. Wurin nan daga tsibiran Tekun Indiya yake zuwa, a da ta Sahara, daga baya kuma ta jiragen ruwan Turawa. Ana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa, a zuba dubu ashirin a keso ɗaya, a ɗora wa jaki ko ɗan alaro. Babu mai yin jabun wuri, domin Allah ne ya ƙera shi a cikin teku, maƙeri bai isa ba. Ciwon wuri daban ne. A ƙarni na 19 'yan kasuwar Turai suka gano wani irin wuri mai araha a wajen Zanzibar, suka riƙa jibgo shi jirgi-jirgi, har ya yi yawan da darajarsa ta zube, ya zama kuɗin dakonsa na neman cinye shi in tafiya ta yi nisa. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da irinsa a gaba.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba su daɗe ba suka hana shigo da wuri, suka ce haraji da kuɗinsu za a biya. Daga nan muka san anini da ɗari da kwabo, masu huda a tsakiya ana zura su a igiya, da taro da sisi da sule da fataka. A jikin anini da kwabo akwai tauraro mai tsini shida, akwai kuma rubutun Larabci da ke faɗin darajarsu, domin Bature ya san mutanen da yake so su karɓi kuɗin da wannan baƙi suke karatu. A 1912 aka kafa hukuma a Landan mai buga kuɗi ɗaya ga ƙasashe huɗu: Najeriya, da Gana ta yau, da Saliyo, da Gambiya. Da jirgin ƙasa ya ratso Lafia cikin shekarun 1920, sule ya daɗa yawa a hannun mutanen wannan yanki, leburori da 'yan kasuwa.

To, shigowar ƙarfe ke da wuya sai ga jabu. Abin da mutum ya ƙera, wani mutum zai gwada ƙera irinsa. Akwai masu narka dalma da kuza su zuba a mazubi su fitar da sule. Masana harshe na cewa kalmar jabu ma daga sunan garin Ijebu ta samo asali, domin a zamanin Turawa an yi ta kama masu wannan sana'a a wancan yanki. Ba mun faɗa ba ne don zargin wata ƙabila. Yau mai buga jabu yana kowane gari, har da namu. Tsofaffinmu suna da hanyarsu ta ganewa. Su buga sule a kan dutse su saurara: na gaske ya yi ƙara siririya mai tsawo, na jabu ya ce ɗif. Wani kuma ya sa haƙori. Da abin ya ishi hukuma, a 1938 sai ta fito da sabon sule mai wani ɗan kwari da aka zagaya bakinsa da shi, wanda mazubin maƙeri ba ya iya fitarwa da kyau. Ku duba, tun a lokacin gwamnati na ƙara alama, ɓarawo na biye, shi kuma ɗan kasuwa kunnensa da haƙorinsa ne jami'an tsaronsa.

Takarda kuwa da ƙyar aka karɓe ta. Tsofaffi sun ba mu labarin yadda ake gudunta: gara na ci, wuta na ci, ruwa na lalatawa, ba a binne ta a tukunya. Har akwai lokacin da in ka ba da takarda sai an rage maka wani abu kafin a ba ka ƙarfe.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, ranar kuma ya fitar da fam da sule na ƙasar kanta. Daga nan sauye-sauye suka biyo. A Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta canza takardun cikin 'yan makonni don waɗanda ke hannun 'yan Biyafara su zama banza. Wannan ne karo na farko da aka yi amfani da canjin kuɗi a matsayin makami a ƙasar nan, kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya ya zama naira biyu. Shi ya sa har gobe muke ce wa naira ɗari biyu jaka, don jaka fam ɗari ce, kuma har yanzu za ka ji tsohon dillalin shanu yana lissafi da fam. A Fabrairun 1977 aka fito da naira ashirin mai hoton Janar Murtala Muhammed, shekara guda bayan kashe shi, shi ne ɗan ƙasa na farko da aka sa fuskarsa a kuɗi, daga nan muka samu kalmar muri. A 1979 aka sa Abubakar Tafawa Balewa a naira biyar, Alvan Ikoku a goma, Herbert Macaulay a naira ɗaya.

Na 1984 kam da idonmu muka gani, muna yara muna Islamiyya. A watan Afrilu gwamnatin Buhari da Idiagbon ta sauya launin takardu, ta rufe iyakoki, ta ba da kwanaki da ba su kai mako biyu cikakku ba. Muna tuna iyayenmu sun tafi Lafia tun asuba da kuɗi a ƙunshe cikin zani da buhu, su dawo da dare ba su kai ga kanta ba. Akwai Fulanin da labari bai iske su a ruga ba sai bayan an rufe.

Sai hamsin a 1991, ɗari mai Awolowo a Disambar 1999, ɗari biyu mai Sardauna a Nuwambar 2000, ɗari biyar mai Azikiwe a Afrilun 2001. Ita kuma 'yar dubu ta fito a Oktoban 2005, zamanin Obasanjo, Charles Soludo yana gwamnan Babban Banki. Har yau ita ce babbar takarda a ƙasar nan.

Mutanen nan biyu da baiwar Allahn ta nuna mana, mun tambayi matasa da dama a Zango ko sun san su, ba mu samu wanda ya faɗi sunan duka biyun ba, alhali sunayen na rubuce a ƙarƙashin hotunan. Mai hular shi ne Alhaji Aliyu Mai-Bornu. An haife shi a Yola a 1919, iyayensa Barebari ne, wato dangin waɗanda suka kafa Lafia, garin da kakanninmu ke kira Lafiyar Barebari. Malamin makaranta ne kafin ya tafi Ingila ya karanta tattalin arziki a Bristol. A 1963 ya karɓi Babban Banki daga hannun Bature, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe shi, har zuwa 1967. Ya rasu a 1970, Allah ya jiƙansa. Na biyun Dakta Clement Isong ne, mutumin Eket a jihar Akwa Ibom ta yau, wanda ya gaje shi ya riƙe bankin daga 1967 zuwa 1975. A hannunsa aka yi canjin lokacin yaƙi, a hannunsa kuma aka haifi naira. Daga baya ya yi gwamnan Kuros Riba a jamhuriya ta biyu. Mu a ganinmu an yi dabara a nan: ɗaya daga Arewa, ɗaya daga Kudu, Musulmi da Kirista, kuma ba don mulki aka sa su ba, don aikin kuɗin da suka yi ne. A bayan takardar kuma ginin hedkwatar bankin ne da ke Abuja.

Yanzu ga alamomin. In da 'yar dubu a aljihunka, ɗan uwa, fito da ita ka riƙa bi.

Fara da hannu, domin hannu ba ya bukatar hasken rana. Takardar kuɗi ba irin ta littafi ba ce, da auduga ake yin ta, shi ya sa in an manta da ita a aljihu aka wanke riga takan fito da ranta, ita kuwa jabu ta dagargaje ko launinta ya zube. In ka karkaɗa ta gaske kusa da kunne tana da wani amo nata, ko da ta ɗan tsufa. Sannan ka shafa babban yatsa a kan hotunan, da sunan bankin da ke sama, da lambar 1000. Za ka ji kaushi-kaushi kamar an yi zane a jikin ƙwarya. Dalili shi ne ana sassaƙa hoton ne a jikin farantin ƙarfe, a cika ramukan da tawada, a danna takarda a kai da nauyi mai tsanani, sai tawadar ta zauna a tudu. Na'urar da mai jabu ke amfani da ita a ɗaki fesa launi kawai take yi, shi ya sa tasa take fitowa sumul kamar katin biki. Wannan kaushin ne ya tona asirin takardun nan goma sha ɗaya. Mun san wani makaho da ke zama bakin masallaci a Lafia wanda ba a taɓa cutarsa da jabu ba, mu masu ido kuwa an sha yi mana.

Sai ka ɗaga ta sama wajen haske. A filin nan da ya yi kamar babu komai za ka ga inuwar hoto ta bayyana a cikin naman takardar, mai laushi, wani wuri duhu wani wuri haske, kuma daga gaba da baya duk ana ganinta. Tun takardar tana jiƙe a masana'anta ake yin wannan, a sa wani wuri ya fi wani kauri. Mai jabu yakan zana nasa da farar tawada ko maiƙo, sai ka gan shi ɓaro-ɓaro ko ba ka ɗaga ba, ko kuma ka ɗaga ka ga dusu-dusu kamar tabon mai. A wannan ɗagawar kuma ka duba zaren nan mai ƙyalli da ya ratsa takardar daga sama zuwa ƙasa. A ido yana nutsewa yana fitowa kamar ɗinkin hannu, amma a gaban haske zai zama layi ɗaya miƙaƙƙe babu yankewa, da ƙananan haruffan CBN a jikinsa. A cikin takardar aka saƙa shi. Na jabu fenti ne ko ledar kyalli da aka manna, in ka sa farce sai ya ɓantare, in ka ɗaga kuma ka gan shi guntu-guntu yadda yake.

Na uku, ka karkata ta. Akwai 'yar alwatika a fuskar takardar da ke sauya launi tsakanin kore da shuɗi in ka juya hannu. Tawadar nan ba a sayar da ita a kasuwa. Akwai kuma tambari mai walƙiya kamar zinariya, wanda in ka motsa za ka ga tambarin ƙasa da lambar 1000 suna wasa a ciki. Na jabu yana ƙyalli, gaskiya, amma ƙyalli ne tsayayye irin na takardar alewa, babu abin da ke motsi a cikinsa.

Akwai wata dabara da ba ta bukatar komai sai karatu, kuma ita ce ta fi amfani ga mai karɓar rafa. Kowace takarda tana da lambarta, babu biyu masu lamba ɗaya a duk ƙasar nan. Mai jabu kuwa sau da yawa takarda ɗaya yake ɗauka ya yi ta maimaitawa. Cikin goma sha ɗayan nan, bakwai lambarsu ɗaya ce tak. Masu manyan shaguna da 'yan canji suna da 'yar fitila mai shuɗin haske da ke sa lambar ta yi walƙiya kore, amma mu da ke karɓar kuɗi a bakin buhu, yatsa da ido da rana sun ishe mu. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne lokaci. Ba a banza baƙin nan suka zo gab da magariba ba, kuma ba a banza suka cusa nasu a tsakiyar na gaske ba.

Akwai wani rubutu a jikin 'yar dubu da ba don tsaro aka sa shi ba, amma ya fi kowane shafarmu. Shi ne layin nan na ajami. Duk ɗan Zangon da ya riƙe allo zai karanta shi: naira dubu. Hausa ce tsantsa da baƙaƙen Larabci, ba aya ba ce, ba addu'a ba ce, babu sunan Allah a ciki. Gado ne tun daga kuɗin Turawa, an sa shi don irin iyayenmu da suka sauke Alƙur'ani suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami amma ba su yi boko ba. A Fabrairun 2007 aka cire shi daga naira biyar da goma da ashirin da hamsin, aka sa Hausa da Yarbanci da Ibo da rubutun boko. A 2014, da aka buga sabuwar naira ɗari ta cikar shekara ɗari da haɗe Kudu da Arewa, zamanin Jonathan, ita ma aka cire mata. A 2020 wani lauya a Legas ya kai Babban Banki kotu yana neman a goge sauran, wai alamar addini ce a ƙasar da ba ta addini ɗaya ba. Bankin ya amsa cewa ajami ne, hanya ce ta sanar da darajar kuɗi ga waɗanda da shi suke karatu, kuma daga baya kotu ta yi watsi da ƙarar. Yanzu a ɗari biyu da ɗari biyar da dubu kaɗai ya rage.

Mu da muke zaune cikin Gwandara da Eggon da Alago da Tibi da sauran maƙwabta, mun fi kowa sanin yadda ƙaramin rashin fahimta ke zama babba. Mun taɓa zama da wani abokin cinikinmu Kirista da ke tsammanin wani sirri ne aka rubuta a wurin. Muka karanta masa baƙi-baƙi, nun da ya da ra, dal da ba. Ya yi dariya ya ce ashe abin da yake faɗa kullum a kasuwa ne. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'ya'yanmu nawa ne yau za su iya rubuta wasiƙa da ajami? In muna jin zafin a cire shi daga kuɗi, to a makarantunmu ma mun kusa cire shi da hannunmu.

Sai mu zo kan abin da ba wanda ya manta. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Dalilan da aka bayar sun haɗa da jabu, da kuɗin fansa da ake kai wa masu garkuwa da mutane, da cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na takardun kuɗi suna wajen bankuna. Shugaba Buhari, wanda shi ne dai na 1984, ya ƙaddamar da su ranar 23 ga Nuwamba, suka fara yawo 15 ga Disamba. Da muka gan su sai muka ga hotunan nan ne, ginin nan ne, ajamin nan ne, launi kawai aka juya: 'yar dubu daga ruwan ƙasa ta koma shuɗiya, ɗari biyar kore, ɗari biyu ja-ja. Mutane suka riƙa goga sabuwar a jikin farin ƙyalle suna ganin launi na fita, aka yi ta cewa jabu ce gwamnati ta buga. Kamfanin buga kuɗi na ƙasa ya fito ya ce tawadar nan mai tudu haka take barin ɗan shafi in tana sabuwa, kuma alama ce ta gaske. Wato an fito da kuɗi ba a koya wa jama'a yadda za su gane shi ba, kuma babu lokacin da mai jabu ya fi so kamar wannan.

Wa'adin farko 31 ga Janairu 2023 ne, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. An karɓe tsofaffin, sababbin kuwa babu. Kun tuna layin bankunan Lafia, mutum ya kwana a bakin na'ura ya samu dubu biyu ko ya dawo hannu rabbana. Kun tuna masu POS suna sayar mana da kuɗinmu. Manomi ya kawo doya daga Agyaragu ko Assakio, ba shi da asusu, ba ya karɓar taransfa, mai saye ba shi da takarda, sai a karya kayan a wulaƙance ko a mayar da su gida. Mata masu ƙosai da awara jarinsu ya karye. A masallacinmu mun ga magidanta masu rufin asiri, da kuɗinsu a banki, suna raɓewa bayan sallah suna neman abin cefane. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki zuwa ƙarshen shekara, a Nuwamba kuma ta ɗage wa'adin baki ɗaya. Shi ya sa yau 'yar dubu iri biyu ce a hannunmu, mai ruwan ƙasa da shuɗiya, duka halal ne a karɓa, kuma duka ana yin jabunsu. Alamomin da muka lissafa a sama su za a nema a kowace.

Akwai ɓarawon da duk waɗannan alamomi ba su tare shi ba, wanda ya ci wuri tun zamanin kakanni. Lokacin da 'yar dubu ta fito a 2005, dalar Amurka tana wajen naira 130, litar fetur naira 65. Takarda ɗaya tana sayen lita goma sha biyar da canji. A ƙarshen 2024 dala ta haura naira 1,500, lita ɗaya kuma ta kai dubu. Zaren yana nan, inuwar hoton tana nan, amma abin da ke cikin takardar ya tsiyaye. A 2012, Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan banki, an shirya fito da 'yar dubu biyar mai hoton mata uku, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya da Margaret Ekpo da Funmilayo Ransome-Kuti, aka yi ta surutu har gwamnati ta dakatar. Sakamakon haka yau mai sayen buhunan riɗi ko saniya ɗaya sai ya zo da rafa-rafa, kuma wanda zai ƙirga takarda ɗari biyar ba ya tsayawa shafa kowace. Ta wannan ƙofar jabu ke shigowa.

Saura tambayar da aka fi yi mana bayan sallah: Malam, an ba ni jabu ban sani ba, in na miƙa wa wani ai ba ni na buga ba? Amsa ita ce bai halatta ba. Daga lokacin da ka gane ta, in ka ba wani ka zama mai algus, kuma kun san yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe. Zaluncin da aka yi maka bai ba ka izinin zaluntar na gaba ba, kuma na gaban nan kusan kullum wanda ya fi ka rauni ne: yarinya mai talla, ɗan acaba da dare, tsohuwa mai daddawa. Wasu kuma asusun masallaci suke jefawa, mun sha buɗewa ranar Juma'a mu tarar. Wannan ba sadaka ba ce, kuma wanda ya cusa ta cikin zakka bai fita ba, da sauran bashi a kansa. Ta fuskar hukuma ma, dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara biyar ba ga mai yin jabun kuɗi, kuma wanda aka kama da ita a hannu yana ƙoƙarin kashewa zai sha wahalar bayani kafin a yarda ba abokin aikinsu ba ne. Dokar nan dai ita ce ta hana liƙi da tattaka kuɗi a wajen biki, da ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, sai masu shirin aurar da 'ya'ya su kiyaye.

Takardun baiwar Allahn nan mun raka ta an miƙa su ga hukuma, ba a ba ta ko sisi a madadinsu ba, domin babu mai biyan jabu. 'Yan kasuwar layinmu ne suka yi karo-karo aka rage mata asara. Bana ta sake kawo riɗi. Muna daga shago muna hango ta, masu saye sun ƙirga mata suna tsaye suna ƙorafi, ita kuwa ta zauna a kan buhu, tana ɗaukar takarda ɗaya-ɗaya, ta murza da yatsa, ta ɗaga sama ta kanne ido ɗaya, sannan ta sa a lalita.

Duk mai son a nuna masa alamomin nan da hannu, musamman iyayenmu mata da yara masu talla, ya same mu a shago bayan la'asar ranar da ba ta kasuwa ba. A zo da 'yar dubu guda, tsohuwa ko sabuwa.